Yadda Za Ka Bi Sawun Kakar Zari-Ruga ta Japan ta 2015–16

Mafi yawan waɗanda suka taɓa jin labarin wasan zari-ruga a Japan daga wasa ɗaya suka ji shi, wato wanda aka buga a garin Brighton na Ingila ranar 19 ga Satumba 2015, inda Japan ta doke Afirka ta Kudu da ci 34 da 32 a gasar cin kofin duniya. Wasan ya cancanci duk yabon da aka yi masa, amma wanda ya tsaya a kansa kaɗai tamkar baƙo ne da ya leƙa zaure ya koma yana cewa ya ga gida. 'Yan wasan da suka yi wannan bajinta suna da kulob-kulob da suka fito daga cikinsu, suna da jami'o'i da makarantun da suka rene su, kuma makonni kaɗan bayan gasar sun koma gida sun buga kaka guda wadda ta bambanta da sauran kakanni ta fuskoki da yawa. Wannan bayani na mai son ya sake gina labarin kakar ne da kansa, ko marubucin wasanni ne, ko mai gabatar da shiri a rediyo, ko kuma mai sha'awa kawai da yake so ya san abin da yake faɗa idan ana hira.

Abu na farko shi ne ka shata iyakar kakar, domin a nan ne mutane da yawa suke fara ɓata. Shekarar makaranta da ta aiki a Japan tana farawa ne a watan Afrilu ta ƙare a watan Maris, saboda haka wasan ƙarshe da aka buga a Janairun 2016 za ka tarar an lissafa shi a cikin shekarar 2015 a takardun ƙasar. Wasu takardun ma da shekarun sarautar sarki suke ƙirga, inda 2015 take matsayin shekara ta 27 ta zamanin Heisei. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa ruɗani ita ce ka riƙe lambar kowace gasa maimakon shekararta: a wannan kaka gasar kamfanoni mai suna Top League tana karo na 13, gasar zakarun ƙasa tana karo na 53, ta jami'o'i tana karo na 52, ta makarantun sakandare kuma tana karo na 95. Ka samu takarda doguwa ka ja layi ɗaya daga Satumba 2015 zuwa Yulin 2016, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan layi za ka riƙa ɗora shi.

Kafin ka kalli ko da minti ɗaya na wasa, ka haddace yadda ake cin maki. Idan ɗan wasa ya dangwala ƙwallo a ƙasa a bayan layin abokan hamayya, maki 5 ne, kuma ƙungiyarsa tana samun damar bugun ƙari ta tsakanin sanduna wanda yake kawo maki 2. Bugun fanareti maki 3 ne, haka ma bugun da ake yi ana cikin wasa bayan an saki ƙwallon ta taɓa ƙasa. Ka gwada wannan lissafi da wasan Brighton don ka tabbata ya zauna maka. Ayumu Goromaru shi kaɗai ya ci maki 24, wato dangwale ɗaya, bugun ƙari biyu da fanareti biyar, sannan kyaftin Michael Leitch da Karne Hesketh kowannensu ya yi dangwale ɗaya, jimilla 34 ke nan. Wannan ɗan lissafi yana koya maka abin da sakamakon kaɗai ba zai faɗa ba: Afirka ta Kudu ta yi dangwale huɗu, Japan uku, kuma abin da ya riƙe Japan a cikin wasan har zuwa ƙarshe shi ne ƙafar Goromaru da kuma yawan laifin da matsin lambarta ya sa abokan karawarta suka yi.

Bayan makin cikin fili akwai makin teburi, kuma shi ne ya yanke wa Japan hukunci a gasar duniya. Nasara maki 4 ce, canjaras 2, sannan akwai makin garaɓasa ɗaya ga wanda ya yi dangwale huɗu a wasa, da wani ɗayan ga wanda ya sha kaye da tazarar da ba ta wuce 7 ba. Japan ta ci wasa uku daga cikin huɗu a rukuninta, domin bayan Afirka ta Kudu ta doke Samoa da ci 26 da 5, ta doke Amurka da ci 28 da 18, amma ba ta samu garaɓasa ko ɗaya ba, sai ta ƙare da maki 12. Sikotilan, wadda ita ma wasa uku ta ci, ta tashi da 14, Afirka ta Kudu kuma da 16, biyu daga ciki a ranar da ta sha kaye a Brighton ta same su. Ta haka Japan ta zama ƙasa ta farko da ta ci wasa uku a rukuni amma ba ta kai zagaye na gaba ba. Irin wannan tsarin maki ne aka yi amfani da shi a gasar cikin gida a wannan kakar, saboda haka idan ka fahimce shi a nan, ka huta.

Daga nan sai ka zauna ka kalli wasannin gasar duniya, kuma shawarata ita ce kada ka wadatu da taƙaitaccen bidiyo. Ka kalli wasan Brighton cikakke, ka mai da hankali kan yadda 'yan Japan suke duƙawa ƙasa sosai su kama ƙafafun mutanen da suka fi su girma, da yadda suke saurin fitar da ƙwallo daga turereniyar 'yan gaba, wato inda 'yan gaban ɓangarorin biyu suke haɗa kafaɗa su tura juna don neman ƙwallo, kafin nauyin abokan hamayya ya danne su. Wannan ba sa'a ba ce. Aiki ne na shekaru huɗu a ƙarƙashin koci Eddie Jones da mataimakansa irin su Steve Borthwick da Bafaranshen nan Marc Dal Maso, da kuma dogon sansanin horo mai tsanani a Miyazaki. A mintunan ƙarshe, ana 32 da 29, Japan ta samu fanareti da za ta iya bugawa a tashi canjaras, kuma abin da Jones ya so ke nan, amma Leitch ya zaɓi turereniya, aka yi ta kai ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan har Hesketh ya dangwala ta a kusurwa bayan lokaci ya cika. Don ka san nauyin wannan zaɓi, ka tuna cewa kafin ranar Japan wasa ɗaya tak ta taɓa ci a tarihin gasar, a kan Zimbabuwe a 1991, kuma a 1995 New Zealand ta lallasa ta da ci 145 da 17. Canjaras da Afirka ta Kudu ma da ya isa abin alfahari. Sannan kada ka tsallake wasan Sikotilan da aka buga a Gloucester kwana huɗu kacal bayan haka. An tafi hutun rabin lokaci ana 12 da 7, aka ƙare 45 da 10, kuma a cikin rabin na biyu za ka ga da idonka abin da gajiya take yi wa ƙungiyar da salon wasanta ya dogara da gudu da ƙarfin numfashi.

Yanzu ka shigo cikin gidan. Kulob-kulob na Top League, wadda aka kafa a 2003, ba na garuruwa ba ne kamar yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa. Mallakin kamfanoni ne, kuma da yawa daga cikin 'yan wasan a lokacin ma'aikatan kamfanin ne masu albashi, waɗanda suke komawa bakin aikinsu idan sun yi ritaya daga wasa, sai dai akwai ƙwararru da baƙi da ake ɗauka a kan kwantiragi. Saboda haka sunayen da za ka ci karo da su sunayen masana'antu ne: Panasonic Wild Knights da ke Ota a lardin Gunma, Toshiba Brave Lupus da Suntory Sungoliath waɗanda dukkansu suke Fuchu a yammacin Tokyo, Yamaha Jubilo a Iwata, Kobe Steel a birnin Kobe, Toyota Verblitz, da sauransu har goma sha shida. A nan akwai tarko da ya kamata ka sani. A 2022 an maye gurbin gasar da sabuwa mai suna League One, aka liƙa wa kulob-kulob sunayen yankuna, wasu kuma suka sauya suna gaba ɗaya. Panasonic ta koma Kumagaya ana kiranta Saitama Wild Knights, Yamaha ta zama Shizuoka Blue Revs, yayin da Coca-Cola Red Sparks da Munakata Sanix Blues suka daina wasa a wannan mataki. Ita kanta Panasonic kafin 2011 da sunan Sanyo aka san ta. Ka ware shafi ɗaya ka rubuta tsohon suna da sabo kusa da juna, in ba haka ba za ka ɗauki kulob ɗaya a matsayin biyu. Haka kuma Japanawa sunan iyali suke fara kira, don haka Goromaru Ayumu da Ayumu Goromaru mutum ɗaya ne, kuma a Japan Leitch Michael ake rubutawa tun da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 2013.

Aikin da ya fi kowanne amfani, a ganina, shi ne ka ɗauki jerin 'yan wasan ɓangarorin biyu na wasan Brighton ka rubuta kulob ɗin kowa a gefen sunansa. Abin da zai fito zai ba ka mamaki. Goromaru ɗan Yamaha ne, Leitch ɗan Toshiba, Shota Horie da Fumiaki Tanaka da Akihito Yamada kuma 'yan Panasonic. Amma a ɗaya ɓangaren ma haka abin yake: Schalk Burger da Fourie du Preez 'yan Suntory ne, JP Pietersen, wanda ya yi ƙoƙarin tare Hesketh a kusurwa, ɗan Panasonic ne, kuma Handré Pollard da Eben Etzebeth sun tafi NTT Docomo Red Hurricanes bayan gasar. Ma'ana, 'yan Japan ba a Brighton suka fara haɗa kafaɗa da irin waɗannan zaratan ba. Wasu daga cikinsu a fili ɗaya suke atisaye tare. Kuɗin kamfanoni da gajeriyar kaka ne suke jawo manyan 'yan wasa daga kudancin duniya, ko da yake dokar gasar ta ƙayyade yawan baƙin da za su kasance cikin fili a lokaci guda don kada su rufe wa 'yan gida hanya. Shi kuwa Hesketh, wanda sunansa ya zaga duniya, kulob ɗinsa na Sanix ya riga ya faɗo daga Top League a kakar da ta gabata, don haka a gasar yankin Kyushu ya koma wasa. Ƙarshen wannan zare yana da daɗin bi: a wasan neman gurbi na ƙarshen kaka, Sanix ce ta doke NTT Docomo ta hau, Docomo ta sauka, duk da manyan sunayen da ta ɗauko.

Sai ka koma kan tsarin gasar, wanda a wannan shekara aka taƙaita shi ta gaba da ta baya. Gasar duniya ta hana a fara da wuri, shigar sabuwar ƙungiyar Japan mai suna Sunwolves gasar Super Rugby, ta manyan ƙungiyoyin kudancin duniya, a Fabrairu kuma ta tilasta a gama da wuri. An raba kulob 16 gida biyu, takwas-takwas, kowane kulob ya buga wasa bakwai, sannan huɗun saman kowane rukuni suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na neman kofi, na ƙasa kuma suka buga nasu don tantance matsayi na 9 zuwa na 16. Wannan yana nufin kada ka kwatanta yawan makin ɗan wasa ko na kulob a wannan kaka da na kakar da aka buga wasanni da yawa ba tare da ka raba da adadin wasa ba. Yana kuma nufin tuntuɓe ɗaya ko biyu ya isa ya jefa babban kulob waje, kamar yadda ya faru da Suntory, wadda ta kasa shiga cikin takwas ɗin farko ta ƙare a matsayi na 9.

Wasan buɗe gasar ya kamata ka ba shi lokaci, ba don sakamakonsa ba. An buga shi ranar 13 ga Nuwamba 2015 a filin Chichibunomiya da ke Tokyo tsakanin Panasonic da Suntory, a daidai lokacin da ƙasar take cikin zazzaɓin zari-ruga, yara suna kwaikwayon yadda Goromaru yake haɗa hannuwansa kafin ya yi bugu. An sanar cewa tikiti ya ƙare, amma da aka fara wasa sai ga kujeru masu yawa babu kowa, saboda an ware kaso mai tsoka ga kamfanonin da suka mallaki kulob-kulob, ba a kuma yi amfani da shi duka ba, alhali masu son shiga suna waje. Hukumar zari-ruga ta ƙasar ta nemi afuwa. Na kawo wannan ne saboda yana nuna fuska biyu ta tsarin kamfanoni a dare ɗaya: tsarin da ya ba 'yan wasa kwanciyar hankali da kayan aiki shi ne kuma bai saba da neman ɗan kallo na kan titi ba. Duk wanda zai rubuta tarihin sauyin da aka yi a 2022 zai iya faro shi daga waɗannan kujeru.

A zagayen kusa da na ƙarshe Panasonic ta fitar da Kobe Steel, wadda Allister Coetzee yake horarwa kafin a naɗa shi kocin Afirka ta Kudu a 2016, Toshiba kuma ta fitar da Yamaha. Wasan ƙarshe, ranar 24 ga Janairu 2016 a Chichibunomiya, shi ne wanda nake roƙonka ka nema ka kalla daga farko har ƙarshe idan wasa ɗaya kawai za ka iya kalla daga gasar cikin gida. Panasonic ta Robbie Deans, tsohon kocin Ostareliya, tana gaba, Toshiba ta yi dangwale bayan an busa ƙahon cikar lokaci ta mai da tazarar maki ɗaya, nasara kuma ta rataya a kan bugun ƙari na François Steyn, wani ɗan Afirka ta Kudun. Ƙwallon ta baude, aka tashi 27 da 26, Panasonic ta ɗauki kofin karo na uku a jere, aka kuma zaɓi Horie gwarzon kakar. Ka lura da Leitch a wannan wasa: mutumin da wata huɗu da suka wuce ya ga ƙungiyarsa ta yi nasara bayan cikar lokaci, ga shi yanzu a ɓangaren da aka bari da cizon yatsa.

Kada ka ɗauka ka gama da zarar ka rufe shafin kamfanoni. A Japan wasan jami'o'i ne ya riga kome, tun da a Jami'ar Keio aka fara koyar da shi ga ɗalibai a 1899 ta hannun Edward Bramwell Clarke da Ginnosuke Tanaka, kuma har yanzu karawar Waseda da Keio ta ranar 23 ga Nuwamba da ta Waseda da Meiji ta Lahadin farko a Disamba suna tara jama'a. A kakar da muke magana a kanta Jami'ar Teikyo, ƙarƙashin koci Masayuki Iwade, ta doke Tokai da ci 27 da 17 ta ɗauki kofin jami'o'i karo na bakwai a jere, kuma sai da ta kai tara kafin a karɓe shi daga hannunta. A ƙasa da wannan akwai gasar sakandare da ake yi a filin Hanazono na Higashiosaka daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, wadda a wannan karo makarantar Tokai Gyosei ta ci bayan ta doke Toin Gakuen. Ka duba jerin sunayen waɗannan wasanni da kyau, domin a cikinsu ne za ka tsinci waɗanda suka zo suka sa rigar ƙasa daga baya. Shi kansa Leitch ta wannan tsani ya hau: an haife shi a Christchurch, ya zo makarantar sakandare a Sapporo yana ɗan shekara 15, ya wuce Jami'ar Tokai, sannan Toshiba.

Inda tsanin biyu suke haɗuwa shi ne gasar zakarun ƙasa, wadda saboda ƙurewar lokaci aka mayar da ita wasa ɗaya a wannan shekara, zakaran kamfanoni da zakaran jami'o'i. Ranar 31 ga Janairu Panasonic ta doke Teikyo da ci 49 da 15. Wannan sakamako shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da tazarar da ke tsakanin matakan biyu: jami'ar da ba ta da abokin yi a tsakanin tsaranta ta sha kaye da maki 34.

Ɓangaren ƙarshe na layin da ka ja shi ne na Sunwolves, kuma a nan ne ya kamata ka fi yin adalci. Jones ya bar Japan bayan gasar duniya, a Nuwamba ya zama kocin Ingila, kuma Jamie Joseph da aka zaɓa ya gaje shi bai fara aiki ba sai daga baya a 2016. Leitch yana Chiefs a New Zealand, Tanaka yana Highlanders, ita ma a can, Goromaru ya tafi Queensland Reds ta Ostareliya. Da abin da ya rage Mark Hammett ya haɗa ƙungiya cikin ƙanƙanen lokaci, Horie ya zama kyaftin, suka fara da shan kaye a hannun Lions ta Afirka ta Kudu da ci 26 da 13 ranar 27 ga Fabrairu, kimanin wata ɗaya bayan wasan ƙarshe na Top League. Wasu wasanninsu na gida ma a Singafo aka buga su, ga doguwar tafiya zuwa Afirka ta Kudu, inda Cheetahs ta ci su 92 da 17 a Bloemfontein. Nasararsu ɗaya tilo ta zo ranar 23 ga Afrilu a Tokyo, a kan Jaguares ta Ajantina, da ci 36 da 28, sai canjaras ɗaya da Stormers ta Afirka ta Kudu, sauran wasanni 13 duk kaye ne. Idan za ka auna wannan sakamako, ka koma kan takardarka ka ƙirga watannin da ɗan wasa irin Horie ya yi babu hutu na ƙwarai, daga sansanin Miyazaki zuwa Ingila, daga can zuwa wasannin Panasonic har ƙarshen Janairu, sannan wasannin Super Rugby har zuwa watan Yuli. Ka rubuta wannan adadi a gefen teburin Sunwolves kafin ka yanke hukunci a kansa.